Ciwon shawara na gado da sankarar jini a jikin yaro

'Yar'uwa, kin tambaya ko cutar shawara da ɗanki ya gada, wadda ake kira Gilbert, ce ta jawo masa sankarar jini. Kwantar da hankalinki, ba a tabbatar tana haddasa ta ba. Abin da Gilbert ke nufi shi ne hantarsa ce ke jinkirin sarrafa bilirubin, wani sinadari mai launin rawaya da ke cikin jini, shi ya sa farin idonsa ke yin rawaya idan zazzaɓi ya kama shi ko ya wuni bai ci ba.

Wajen magani ne cututtukan biyu suke haɗuwa. Magungunan sankarar jini irin su methotrexate da mercaptopurine suna taɓa hanta, kuma bilirubin ɗin mai Gilbert kan haura na sauran yara. Ki sanar da likitansa, kada a dakatar da magani bisa zaton hanta ta lalace. Don Allah kada ki ba shi jiƙon shawara. Allah ya ba shi lafiya.