Amsa: Zaman masu sana'a da kwaleji yana da amfani?

Malam, ka tambaya ko akwai amfani ƙungiyarku ta masu walda da kafintoci ta riƙa zama da kwalejin fasaha ta garinku, kowa ya faɗi inda ya kai wajen raya gari. Akwai amfani sosai, amma ku fara da ɗaliban da kwalejin ke turo muku koyon aiki. Shirin SIWES ke nan, wanda ITF, hukumar tarayya mai kula da horar da ma'aikata, ta ɓullo da shi tun 1973, kuma ɗan difloma yakan yi wata huɗu a wurin aiki. Hulɗa ta riga ta ƙullu a nan, ba sai kun nemo wata sabuwa ba.

Sharaɗin dai kowa ya zo da abin da za a iya ƙirgawa. Mu a Sharaɗa, nan Kano, zamanmu na farko rumfa aka kafa, aka sha lemo, manya suka yi ta jawabi har la'asar, aka watse ba a tsinana komai ba. A na biyu muka ce kowane oga ya kawo adadin yaran da ya karɓa, nawa suka kammala, nawa ya riƙe aiki. A nan malaman suka ji daga bakinmu cewa yaransu sun iya zane a takarda, amma hannunsu na rawa in sun riƙe abin walda. Su ma suka faɗa mana tamu, wai wasunmu aiken sayo abinci kawai suke yi wa yaran, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba.