Amsa ga mai tambaya kan toshewar hanci da ciwon goshi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce yau kwana 6 hancinka a toshe, majina mai kauri, in ka yi sujada kamar goshi zai tsage, kana tambayar wane kafso za ka saya. Ni ba likita ba ne, hatsi nake sayarwa a nan Maraɗi, amma duk hunturu sai wannan ciwon ya ziyarce ni, saboda ƙurar gero da ta hazo.

Abin da likitoci ke kira sinuzit ke nan. Akwai ƴan kogunan iska cikin ƙasusuwan fuska, a goshi, kumatu, tsakanin idanu da can ciki. In mura ta kumbura ƙofofinsu sai majina ta taru ta rasa mafita, shi ya sa sunkuyawa ke ƙara zafin. Mafi yawansa irin ƙwayar cutar mura ce ke kawo shi, wadda kafso irin su amoksisilin ba ya taɓa ta, kuma yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Don haka a kwana 6 ban ga dalilin kafso ba tukuna, balle na masu yawo da faranti cikin rana.

Abin da ya fi yi mini amfani, kuma na daɗe ina raina shi, ruwan gishiri ne. Ka tafasa lita 1 na ruwa, ka zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ka bar shi ya huce. Tafasawar dole ce, ko na famfo ne, kada ka ce ai na rijiyarku garau yake. Ka samu sirinji babba marar allura, ka sunkuya, ka karkata kai, ka buɗe baki, ka tura ruwan a hankali ta kafar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar. Safe da dare. Ranar farko sai da na ƙware, yara suna ta yi mini dariya, amma abin da ya fito ya ba ni tsoro. Sai farasitamol don ciwon kai, tsumma mai ɗumi a fuska, da shan ruwa sosai. Surace yana sassautawa na ɗan lokaci, ba ya warkarwa, kuma a kula da yara kusa da tukunyar. Tafarnuwa ko man zafi cikin hanci kuwa, ƙona fata kawai suke yi.

Kuskurena shi ne maganin fesawa mai buɗe hanci nan take. Na yi wajen wata biyu ina fesawa, har ya zama in babu shi a aljihu ba na iya barci. Ashe shi ne ke ƙara toshe ni. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya ce kada irinsa ya wuce kwana 3, ya sauya mini da wani mai rage kumburi da ake fesawa kullum, wanda sai bayan kwanaki ake jin aikinsa.

In ka wuce kwana 10 babu sauƙi, ko ka fara warwarewa ciwon ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi ya kai digiri 39 da majina kamar mugunya, ka tafi asibiti. A nan ne ake rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ka sha shi yadda aka rubuta har ƙarshe. In kumatu ɗaya ne ke ciwo majinar tana wari, a duba maka haƙoran sama, wani lokaci daga can ne.

Amma in ido ya kumbura, ko kana ganin abu biyu-biyu, ko wuya ya ƙage da zazzaɓi, kada ka jira safiya, ka san rani lokacin sanƙarau ne. Kuma in kabu-kabu kake hawa, ka riƙa sa takunkumi har hazon nan ya wuce.