Kun Tambaya: Masu Bincike Sun Tsallake Gidana, da Sauran Wasiƙu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwanaki wasu matasa biyu, mace da namiji, suka shigo layinmu da na'ura a hannu, wai daga wata cibiyar bincike suke, suna tambaya kan zaɓe da 'yan sanda da rabon ayyukan gwamnati. Suka tsallake gidana suka shiga na maƙwabcina, kuma matarsa suka nema, ba shi ba. Malam, wane irin aiki ne wannan? Daga wani dattijo a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Ba raini ba ne, ƙa'idar aikin ce ta zo da haka. Cibiyoyin da ke nazarin haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya, irin su CEDDERT da ke Hanwa a nan Zariya, wadda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya jagoranta kafin rasuwarsa a 2005, ko Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero a Kano, jarinsu hujja ce. Ba sa kama mutum, ba sa yanke hukunci. Abin da suke yi shi ne su tattara abin da ke faruwa, su auna shi, su rubuta, yadda mai mulki ba zai iya cewa jita-jita ce ba.

Tunda ba za a iya tambayar kowa ba, sai a ɗebi samfuri. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu, sai dai ya soka sama da tsakiya da ƙasa. Haka ake yi da mutane. Da farko a ɗauko taswirar ƙananan yankunan ƙidaya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kwamfuta ta zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a. A kowane yanki a zaɓi wurin farawa, sannan ma'aikaci ya riƙa ƙirga gidaje, ya shiga na biyar ko na goma, gwargwadon umarnin da aka ba shi. A cikin gida ma ba maigida ake nema kai tsaye ba. Ana rubuta manyan da ke ciki a fitar da mutum ɗaya, kuma idan wannan gida an yi da namiji, na gaba mace ce. Afrobarometer, wadda ke irin wannan aiki a ƙasashen Afirka tun 1999, takan yi hira takwas a kowane yanki. Idan an bi ƙa'ida, mutum 1,200 sun isa su nuna ra'ayin ƙasa da kuskuren da bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba, sama ko ƙasa.

Inda aikin ke lalacewa ya fi ban sha'awa. A gidan da ba a shiga, idan tawaga ba ta da mace, muryar matan aure ta ɓace ke nan, rahoto ya fito yana cewa "jama'a" alhali maza zalla aka ji. Idan maigida ya tsaya a kan matarsa ana hira, amsarsa ake rubutawa da bakinta. Da damina, wanda ya je ƙauye da hantsi tsofaffi da yara zai tarar, manoma suna gona. Akwai kuma masu zaton rajistar tallafi ake yi, sai kowa ya ce bai ci abinci ba tun jiya, ko masu tsoron cewa gwamnati ce ta turo, sai su yi ta yabo. Mafi muni shi ne ragon ma'aikaci da zai zauna gindin bishiya ya cike takardu da ka. Shi ya sa yanzu na'urar ke ɗaukar wuri da tsawon hirar, kuma mai duba aiki yakan koma wasu gidajen ya sake tambaya. Wani rauni da ya shafi kowa: ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, garuruwa kuwa sun yi faɗi tun lokacin.

In sun sake zuwa, Baba, ku nemi katin shaida da takardar cibiyar. Kuna da ikon ƙin amsawa ko tsayar da hira a tsakiya. Mai binciken gaskiya ba ya neman lambar BVN ko ta asusun banki, ba ya kuma alƙawarin kuɗi.

TAMBAYA: Malam, an tsare ƙanena kwana shida ba a kai shi kotu ba, kan rigimar bashi. Cibiyar bincike za ta iya fito da shi? Daga wata 'yar'uwa a Sabon Gari.

AMSA: Allah Ya kawo mafita, Malama. Cibiya ba za ta fito da shi ba, lauya da kotu ne za su yi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Zariya kuwa kotuna ba su yi mata nisa ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani.

Ki fara da rubutu tun yau: ranar kamu da lokaci, inda aka kama shi, inda yake tsare, sunan jami'in da ke riƙe da maganar, waɗanda suka gani da ido, da duk kuɗin da aka nema. Idan an dake shi, a ɗauki hoton raunin da kwanan wata, a samo takardar likita da zarar ya fito, domin tabo na warkewa, hujja ta tafi da shi. Azabtarwa laifi ce a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017. Da wannan takarda ki je Hukumar Taimakon Shari'a, wadda ke tsaya wa marasa hali kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Lauya zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu bisa sashe na 46 na Tsarin Mulki, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwa ya shigar a madadin wanda ke tsare.

Amfanin cibiya daga baya yake zuwa. Ƙorafi ɗaya ana iya cewa tsautsayi ne, amma idan ta haɗa ɗari masu kama da juna, da ranaku da wurare, ya zama ɗabi'ar da dole a amsa tambaya a kanta. Wasu ƙorafe-ƙorafen da ake watsi da su ba don ƙarya ba ne, don mai su ya ce "wajen watan jiya" ne, bai riƙe rana ba.

TAMBAYA: An ce an ware kuɗin gyaran ajujuwan makarantar unguwarmu, har yau rufin a yaye yake. Ta yaya masu bincike ke gano irin wannan? Daga wani malamin firamare a Samaru.

AMSA: Da wasiƙa, Malam, kuma kai ma za ka iya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba, hukumar kuma tana da kwana 7 ta amsa, da ƙarin wasu 7 idan takardun suna da yawa. Kada ka rubuta "ina kuɗin makarantarmu?". Ka ambaci sunan aikin da shekarar kasafi, ka nemi kwafin takardar ba da kwangila, sunan kamfani, jerin ayyukan da aka ƙiyasta, da abin da aka riga aka biya. Ka tafi da kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, domin daga wannan rana ake fara ƙirga. In an hana ko an yi shiru, kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Ka kuma lura, kuɗi ya fito a kasafi ba ya nufin an sake su, don haka ka tambayi ranar da aka saki kuɗin kafin ka zargi ɗan kwangila.