Amsa: bidiyon da ya ƙi sauka

Ka ce bidiyo yana kunnuwa a shafi amma ya ƙi sauka. Ai ba fayil ɗaya ba ne. An yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowane guntu 'yan daƙiƙoƙi, sai wani ƙaramin fayil mai suna m3u8 ya jera su. Ka nemo adireshinsa ka ba yt-dlp, wata manhajar saukar da bidiyo a kwamfuta, za ta haɗa maka su.

Amma ka hanzarta, don adireshin kan mutu. Ni na taɓa bari sai da safe, na tarar ya daina aiki. Netflix kuwa a kulle yake da Widevine, wata fasahar hana kwafar bidiyo, ko hoton allon ka ɗauka baƙi ƙirin za ka gani. Nan sai maɓallin saukarwa na manhajarsu kawai.