Layi ya ƙi ƙarewa a SUMO: in cire dokar fifiko a mahaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, ina aikin kammala karatu kan wata mahaɗa kusa da Kasuwar Dole. Na ɗauko taswira daga OpenStreetMap na sa a SUMO, manhajar kwaikwayon zirga-zirgar motoci a kwamfuta, na zuba ƙidayar motocin da na yi. Sai motocin ƙaramar hanya suka yi layi har bakin taswira, alhali a zahiri ba sa daɗewa haka. Wani yayanmu a harkar ya ce in mayar da mahaɗar unregulated, wato marar dokar fifiko. Na yi, cunkoso ya watse, ba karo ko ɗaya. Amma hankalina bai kwanta ba, ga ranar kare aiki ta matso.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Maza ka mayar da mahaɗar yadda take.

Fara da duba wa aka bai wa hanya. Netconvert, mai juya taswira zuwa hanyoyin SUMO, na zaɓen babbar hanya ne daga lambar priority (fifiko), gudu da yawan layuka, taswirar garuruwanmu kuwa cike take da kuskuren matsayin hanya, sai ka tarar da lungu na yashi ya yi kafaɗa da kwalta. Buɗe netedit, wurin gyaran hanyoyin SUMO, ka dubi kowane haɗi a mahaɗar: M mai wucewa ce, m mai jira. In akwai allon tsayawa, ka sa nau'in mahaɗar priority_stop. In ba allo kuma da gaske mutane na bin dokar na hannun dama, right_before_left. In kwalta ce ke danne kowa, priority, ka ɗaga lambarta.

Yanzu ga shawarar yayan naku, wadda kullum sai an kawo mini irinta. A unregulated ba mai duban kowa, motoci ratsa juna suke yi kamar aljanu. Dole layi ya watse, tunda tirela da moto suna iya zama wuri ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Rashin karon da ya faranta maka rai kuma, ai SUMO ba ya lissafa karon cikin mahaɗa sai ka kunna collision.check-junctions da hannunka, a kashe yake zuwa. Ba ka tura mai ƙirga ba, sannan ka ce ba a samu komai ba? Ko ka kunna ma, direban kwamfuta ba ya amsa waya, ba ya gyangyaɗi, birkinsa ba ya tsinkewa. Don haka sifilin karo ba ya zama shaidar lafiyar mahaɗa a SUMO, haka a Vissim, wata manhajar irinta. Mai son auna haɗari na'urar SSM ta cikin SUMO yake sawa, ya karanta TTC da PET, wato saura daƙiƙa nawa a yi karo, da ratar da ke tsakanin ficewar wannan da isowar wancan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne rahoton irin wannan ba ya tsayawa a lakol. Wani zai yi bidiyo mai launi, motoci na sulɓi, ya haska wa ma'aikatar magajin gari. Ba mai neman fayil ɗin, ba mai tambayar an auna ko ba a auna ba, a buga hatimi. Sai a ce wurin ba ya bukatar danja ko shataletale. Wanda zai biya kuɗin wannan hatimi ɗan kabu-kabu ne da matar da ya goyo. Irin su ne ma ke barin time-to-teleport a kan daƙiƙa 300 ba su karanta gargaɗi: motar da ta maƙale minti 5 sai a ɗauke ta a jefa gaba, su ce hanya ta buɗe. Ka sa shi -1 lokacin gwaji, duk inda ya toshe ka gani da idonka. Ku ji tsoron Allah, lambar da kuka rubuta wani ne zai tsallaka titi a kanta.

Layin naka daga halin direban da SUMO ke zuwa da shi ne. Cibiyar DLR ta Jamus ce ta gina shi, kuma ɗan motonsa tsakiyar layi yake kamawa ya jira bayan mota. Kunna lateral-resolution, mai yanka faɗin layi ƙanana-ƙanana, a mita 0.8 ko ƙasa, ka rage step-length, tsawon kowane taku na lissafi, daga daƙiƙa 1 zuwa 0.2, motoci masu ƙafa biyu su samu kurɗawa. Raba vType, wato nau'in abin hawa: moto, adaidaita, ƙaramar mota, babbar mota, amalanke, kowa da tsawonsa da gudunsa. Duba visibility: a mita 4.5 yake, ma'ana mai jira sai ya zo dab da baki yake ganin hanya. In wurin fili ne ka ƙara.

Sannan ka auna. Hau bene ka ɗauki bidiyo na awa 2 da safe, ka sake ranar kasuwa. Ga kowane mai jira, rubuta ratar da ya ƙi da wadda ya shiga, ka fitar da ratar da ke kan iyaka tsakanin ƙi da shiga ta hanyar lissafin Raff, kowane nau'i daban. Kar ka kwafo daƙiƙa 6.5 ta HCM, littafin ƙa'idojin auna hanya na Amurka, ba ɗan kabu-kabun Zango aka auna ba. Da abin da ka samu za ka riƙa sassauta jmTimegapMinor, ƙaramar ratar da mai jira ke bari gaban mai wucewa, daga daƙiƙa 1, da impatience, wato gajen haƙuri, tsakanin 0 da 1, ɗaya bayan ɗaya, har layi ya yi kama da na bidiyo. jmIgnoreFoeProb kuwa, wato yiwuwar direba ya yi biris da mai wucewa, ka taɓa shi da tsoro: ana sake jefa ƙuri'arsa a kowane taku, ƙaramar lamba ma tana yawa, kuma ka ɗaure shi da jmIgnoreFoeSpeed, iyakar gudun wanda za a yi biris da shi, kamar mita 2 a daƙiƙa, kada moto ya faɗa gaban tirela mai gudu.

Ka gudanar sau 10 da seed (lambar fara ƙuri'a) dabam-dabam, ka kwatanta da ƙidayar wata rana da ba ka yi gyara da ita ba. Duk lambar da ka sauya, ka jera ta a ƙarshen aikin tare da dalilinta, don nan malamanka za su fara tambaya.