Kyamarorin Baba na fim ne, in farfaɗo da su ko in sayi dijital?

Wani matashi daga Dilimi a nan Jos ya turo min saƙo daren Talata, na taƙaita shi: mahaifinsa mai hoto ne shekaru da yawa, ya rasu ya bar masa shago, kyamara biyu masu cin fim (Yashica ɗaya, Pentax K1000 ɗaya) da kwalaye cike da negetif, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa. Ya tara dubu 700 a adashe. Wai ya gani a Instagram Turawa sun koma yayin fim, shin ya zuba kuɗin ya farfaɗo da sana'ar yadda Baba ya yi ta, ko ya sayi dijital?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. To ƙanena, ka sayi dijital. Amma kar ka sayar da kayan Baba, zan zo kan wannan.

Bambancin fim da dijital a wurin ɗan kasuwa ba kyan hoto ba ne, inda kuɗi ke fita ne. Kyamarar fim tana da araha a saye, kai ma kyauta ka gaje ta, amma duk ƙyas ɗaya da ka danna kuɗi ne ya fita. Nadi ɗaya na 35mm hoto 24 ne ko 36, shikenan, ka saye shi, ka biya wanki, ka biya bugawa, kuma ba ka san me ka ɗauka ba sai an wanko. Fim ɗin nan kuma ba a ƙasar nan ake yinsa ba, Kodak ne ko Fujifilm, daga waje yake zuwa, da dala ta motsa farashinsa ya motsa, ga sinadarin wanke mai kala shi ma shigo da shi ake yi kuma yana lalacewa in ya daɗe a buɗe. Kafin ka kashe ko sisi ka zaga Terminus da Ahmadu Bello Way ka tambaya wa ke wanke fim yanzu da hannunsa, in amsar ita ce sai an aika wani gari to ka ƙara kuɗin mota da kwanakin jira a lissafi. Dijital kuwa sau ɗaya take cizonka, ranar saye. Bayan nan hoto na 10 da na 1,000 kusan kuɗinsu ɗaya, cajin batir ne da wuri a memori.

Ni kaina fim ya taɓa yi min tsiya. Ranar sunan ɗiyata ta fari mai hoto ya yini yana ta ƙyas ƙyas, har kakata da ba ta yarda da hoto sai da aka lallaɓa ta ta gyara mayafi ta zauna, bayan kwana huɗu ya zo yana sosa ƙeya wai yaronsa ya buɗe bayan kyamara kafin a naɗe fim ɗin, haske ya shiga ya ƙone shi duka. Kakar nan ba ta ƙara shekara ba. Yau da dijital ce a take zai duba allo ya ce Hajiya a sake.

Kuma ka dubi Kodak ɗin kanta. A 1975 injiniyansu Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, baƙi da fari, sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Amma ribar kamfanin a fim da takarda da sinadari take, suka yi ta jan ƙafa, a Janairun 2012 suka je kotu neman kariyar fatara. Masu yin fim ɗin ma kenan, balle kai da dubu 700.

Yayin fim ɗin da ka gani a Instagram gaskiya ne, akwai shi, amma masu sha'awa ne da kuɗin wasa a aljihu. Kwastomanka kuwa uwar amarya ce daga Unguwar Rogo da ke so kafin a tashi daga kamu hotuna sun hau status, da ɗalibin da ke son fasfo yanzu yanzu zai cike fom.

Sai dai dijital ma tana da nata ramin, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Zamanin Baba kuɗi a kati yake, negetif na hannunsa, duk mai son kwafi dole ya dawo shago ya biya. Yanzu ka tura wa mutum ɗaya a WhatsApp dangi duka sun samu, har na Kaduna. Saboda haka in ka ce za ka yi farashi kan kowane hoto irin na da, wallahi wahala za ka yi wa mutane kyauta. Ka yi ciniki kan taro: awa nawa, hoto nawa gyararru, album ko firem nawa, ka karɓi kafin alƙalami aƙalla rabi kafin ka ɗauki jaka. Kuma abokin gasarka yanzu ba mai shagon gaba ba ne, Tecno da iPhone ɗin da ke hannun ƙawayen amarya ne, abin da za ka fi su da shi shi ne haske da iya gyara.

Don haka kar ka juye kuɗin duka a jikin kyamara. Ka nemi ta hannu mai lafiya, Canon ko Nikon, irin su 600D ko D5300 sun isa fara aiki, ka sa a duba maka adadin dannawar da ta yi a rayuwarta don shata, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe in ka danna, tana da iyaka kamar injin mota, ka cire lens ka haska shi da tocila ka ga ko akwai fumfuna a ciki. Sauran kuɗin lens 50mm, filasha, batir biyu, memori biyu, da hard disk na ajiye hotunan aiki. Ka bar wani abu a gefe na haya da mai. Ƙurar hunturun Jos kuma ka san ta, kar ka riƙa canza lens a fili.

Yanzu kwalayen nan. Ni a ganina su ne gadon gaske, sun fi kyamarorin daraja. Cikinsu akwai bukukuwa da sunaye da hotunan Sallah na gidajen da ƙila nasu kwafin ya ɓace ko ya ƙone, ka san rikicin da garin nan ya gani a 2001 da 2008. Ka samu sikana mai karanta negetif, ko ka fara da kyamarar taka da farin haske a bayan fim ɗin, ka mayar da su dijital, in Baba yana rubuta suna da kwanan wata a ambulan to aikinka ya yi sauƙi. Ka nemi iyalan da kanka, ka nuna musu a waya, mutumin da ya ga fuskar mahaifiyarsa tana amarya ba ya dogon ciniki. Amma kar ka watsa hoton matan mutane a Facebook da sunan talla ba izininsu, za ka jawo wa kanka magana.

Pentax ɗin ka goge ta ka sa a gilashi a gaban shago, ba ta buƙatar batir sai na ma'aunin haske, tana nan lafiya in an kula. Ɗaliban makarantar koyon fim ta ƙasa da ke nan Jos wani zai iya neman haya ko ya biya a ɗauke shi da fim, ranar sai ka caje shi kuɗin nadi da wanki tun kafin ka danna. Ka turo min hoton ambulan biyu ko uku in ga yadda Baba yake rubutu a kansu, sai mu san ta inda za ka fara.