Caterham ko Westfield a Jidda?

Malam, ka ce kana Jidda, kana son motar tsere irin wadda ake sayo kayanta a harhaɗa a gareji, ka rasa ta ɗauka tsakanin Caterham da Westfield. In aljihu zai ɗauka, sayi Caterham. Ta fi tsada, amma aikinta ya fi tsabta, jikinta alminiyom ne, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ta faɗi warwas ba. Tun 1973 suke ƙera ta, bayan sun sayi haƙƙin ƙera motar Lotus Seven. Westfield ta fi araha, kuma a yawancinsu kowace tayar baya hawa da saukarta daban, shi ya sa ta fi laushi a gargada. Yawancin Caterham kuwa tsarin de Dion ne, bututu ɗaya ya haɗa tayoyin baya. Tana riƙe ƙasa a kwana sosai, sai dai ƙugunka zai san an shiga rami.

Amma kafin ka tura ko riyal ɗaya, tabbatar sitiyarin hagu za su aiko maka. Motocin Ingila ne, kuma mai sitiyarin dama ba ta samun istimara, wato takardar rajistar mota, a Saudiyya. Ka nemi babban lagireto tun wajen oda, don na ga yadda zafin Jidda ke tafasa ƙaramin a cunkoso.